Hitar Inna ta Basirka

Ku da kuke zuwa shagona kuna cewa a koya muku wayarin "ko na wata biyu ne", ku samu benci ku zauna. Na san inda kuka samo wata biyun nan. Kun kalli wani a waya yana murɗa ja da ja, baƙi da baƙi, ya danna makunni ƙwai ya kama, sai kuka ce ashe abin da Baba Isa Mai Fenti ya tsufa a kansa ke nan. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Haɗa waya kam, ko akuya aka ɗaure a ƙofar shagon nan ta yi damina ɗaya za ta iya. Aikin shi ne ka san abin da kowane kaya yake ci, ka kuma san wanda zai kunna shi bayan ka juya baya. Na farkon na koye shi a shekara bakwai. Na biyun sai da ya ci min suna, shi ya sa kuke kirana Mai Fenti alhali ban taɓa riƙe buroshi ba.

Maigidana Malam Habu, Allah ya jiƙansa, shagonsa yana bayan kasuwar Birnin Kudu. Shekarata ta farko a wurinsa ban taɓa ko testa ba. Tsani nake ɗauka, in riƙe masa shi, in share ɓawon waya. Duk kayan da aka kawo gyara, rediyo ne ko dutsen guga, kafin ya kwance noti ɗaya sai ya miƙo min ya ce, "Juya shi ka karanta gindinsa." A gindin kowane kaya akwai ɗan rubutu mai faɗin wat nawa yake sha. In na karanta, sai ya ce in faɗi kaurin wayar da za ta ɗauke shi. In na yi kuskure, filaya ce a ƙeya, ta wajen robar, shi ma don yana tausayin bakin filayar ne. Karatunsa guda ɗaya ne har ya bar duniya: mai haske lasa yake yi, mai juyawa da cokali yake ci, mai zafi kuwa hannu biyu yake sawa. Yau ma bai canza ba. Ƙwan zamani wat goma ya ishe shi, fanka sittin zuwa tamanin, amma dutsen gugar da kuke ɗagawa da hannu ɗaya kuna latsa waya da ɗayan, ya haura dubu.

Mutanenmu ba sa yarda da wannan karatu. A wurinsu kaya kamar dabba yake, tunda saniya ta fi akuya ci, to firiza ma ta fi butar lantarki. Akwai ranar da aka kira ni wani gida a nan cikin gari ana jeren amarya. Dangin amarya suna so dangin ango su shaida cewa komai sabo ne kuma yana aiki, sai suka samo soket mai baki shida, irin wanda ake talla a baro, wanda wayarsa ba ta fi tsinken tsintsiya kauri ba. Suka cusa firij, da buta, da tukunyar shinkafa, da dutsen guga, da injin markaɗe, suka kunna gaba ɗaya ana guɗa. Da suka ji ƙauri, firij suka yi maza suka zare saboda shi ne babba, suka bar buta da dutsen guga suna ta cin wayar har ta narke ta manne da sabuwar ledar ɗaki. Ina shiga wata gwaggon amarya ta tare ni.

"Malam, wayarin gidan nan ne na banza. Mu kayanmu daga Kano aka sayo su."

Na ce, "Ai shi ya sa, Hajiya. 'Yan birni ne, ba su saba ci a kwano ɗaya ba."

Ba ta yi dariya ba, ni ma ban sa rai ba.

Da wutar gari ta koma baƙuwa, ta zo yau ta yi mako ba a gan ta ba, sai kowa ya koma sola. Da furfurata na tafi Kano na yi wata uku ina koyonta, na dawo da wata mita mai baki kamar na kunama, wadda kake sa ta ta ciji waya ta faɗa maka yawan wutar da ke wucewa. Sola ba wuya gare ta ba ga wanda ya taɓa noma. Farantan da ke kan rufi su ne gona, batir shi ne rumbu. Abin da rana ta zuba shi za ka ɗiba. In kana ɗiba har ka kankare ƙasa kullum, ba hatsin kaɗai ne zai ƙare ba, rumbun ne da kansa zai rushe.

Aikin da ya ja min shi ne na Alhaji Mamuda. Mutumin Gwaram ne, yana da motocin haya masu zuwa Kano, kuma a tasha in ya yi tari sai direbobi goma sun ce masa sannu. Mahaifiyarsa, Inna Hajara, tana Basirka, ta ce ba mai raba ta da gidan mijinta. Shi ne ya ce in je in sa mata sola. Na sa faranti huɗu, da inbata, wato akwatin da ke mai da wutar batir irin ta gida, da manyan batura biyu da na fasa kwalinsu a gaban idonsa. Lissafina ƙwai takwas ne, fanka uku, talabijin ɗaya da ƙaramar firiza ta ruwan sanyi. Kwana biyu muna aiki, kuma kamar yadda aka saba, an ce matan gida su koma ɗaki ɗaya har mu gama. Tsakanina da Inna gaisuwa ce daga nesa.

Da muka gama, ni da Alhaji muka zauna a zaure aka kawo fura. Na yagi kwali na rubuta masa abubuwan da ba a yarda su kusanci soket ba: dutsen guga, rishon lantarki, buta, hita. Na ja wa hita layi biyu. Ina bayani shi kuma yana kan waya da wani direbansa da taya ta fashe masa a hanya. Yana zagin direba yana gyaɗa min kai.

"Na ji, injiniya, na ji. Ba abin da za a sa."

Ya ninke kwalin ya jefa aljihun babbar riga. Ni kuma na shanye furata na hau babur, ina ganin na sauke nauyi tunda na faɗa wa mai gida.

Wata huɗu tsakani ya kira ni, wai inbata tana kuka kullum da safe. Na je, na wanke faranti, na bi waya ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba sai batura da suka galabaita. Na tambaye shi ko an ƙara wani abu mai zafi.

"Me ka ɗauke mu? Abin da ka bari shi ne."

Ya leƙa cikin gida ya ba da umarni a kashe firiza, don ita ce ƙatuwa. Bayan mako biyu aka kashe talabijin. Daga nan sai fanka. A tsakiyar bazara tsohuwa tana zaune da maficinta a ƙarƙashin sabuwar fankar da ba ta juyawa, amma kuka bai daina ba. Kafin wata na bakwai batura sun kumbura kamar buhun da ya sha ruwa. Alhaji bai kira ni ba a wannan karon. Tasha ya je, ya zauna a bencinsa, ya ce wa 'yan kamasho da direbobi ai ya gano ni, tsofaffin batura na wanke na shafa musu fenti na mayar cikin kwali.

Ku da ba ku san tasha ba, ku sani ba gidan rediyon da ya kai ta. Maganar da aka yi da hantsi a Gwaram, motar farko ta sauke ta a Sara, ta biyu ta kai ta Birnin Kudu, kafin la'asar masu babur sun shigar da ita Kangire. Ni ne na ƙarshen ji. Kwamitin wani masallaci a Sara da muka riga muka yi magana suka ce in dakata tukuna. Mai kemis ɗin da na auna wa rufi ya daina ɗaga wayata. In na wuce majalisa sai in ji wani ya ce, "Mai Fenti, yau wane kala ake yi?" Shekara ashirin da wani abu ina hawa tsani, ba gidan da ya taɓa kamawa da wuta ta dalilina, amma magana ɗaya ta mai mota ta share su. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Wannan ita ce shekarar da na zama mai gyaran tocila da cajar waya. Mitar nan mai baki ta yi wata da watanni a jaka har gizo-gizo ya yi saƙa a hannunta. Da damina ta sauka na koma gonar gadonmu na shuka gero da gyaɗa, hannun da ya saba da sukudireba ya yi kanta a kan fartanya. Shi kuwa Alhaji ya ɗauko wani yaro daga Kano, sa'anku, da hular kwano fara da riga mai ƙyalli. Ya ɗauki aikina hoto ta kowace kusurwa, ya ce tsohon yayi ne, ya sauke baturan ya ɗora sababbi a kan wayar da na ja, bai canza ko noti ba. Ko gindin kaya ɗaya bai juya ba, ya hau mota ya koma.

Bayan kaka wani mai babur ɗan Basirka ya tsaya gyaran tocila a wurina, a cikin hira yake ce min ai inbatar gidan Inna ta dawo da kukanta, har maƙwabta sun daina jiran zakara. Allah ya yafe min, na ji daɗi. Na san Alhaji ba ya fashin zuwa gaishe da mahaifiyarsa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sai na kakkaɓe mitata, na hau babur na riga shi, ba wanda ya gayyace ni. Na isa da hantsi na yi sallama, na ce a ce da Inna Isa mai wuta ne ya zo gaisuwa.

"Ya shigo mana, ai ɗa ne."

Ta shimfiɗa min tabarma a ƙofar ɗakinta. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ba ta ambaci fenti ba ko da yake na san ta ji. Ta ce in ɗan jira, ta shiga ɗaki. Can na ji inbata ta ɗan yi kuka ta daina. Ban gama amsa gaisuwar jikokinta ba ta fito da kofin shayi yana tururi. Na karɓa na yi bisimilla, sai idona ya faɗa kan murhu. Kaza ce kwance a cikin tokar, ta baje fukafukai abinta. Na duba tsakar gida kaf, ba hayaƙi, ba gawayi, ba tukunyar gas.

Na ce, "Inna, da me kika dafa shayin nan?"

Fuskarta ta washe. Ta koma ɗaki ta fito da abin a hannu, tana riƙe da shi kamar sabon jika. Hita ce, irin wadda ake tsomawa a ruwa, ƙarfen ya yi fari fat saboda aiki, robar hannun ta fara narkewa. Na juya ta na karanta, wat dubu ɗaya da ɗari biyar.

"Mamuda ne ya kawo min tsaraba daga Kano, satin da ka sa mana wutar nan. Ya ce na huta da hura wuta. Ai tun da na same ta ban ƙara sanin hayaƙi ba."

Na leƙa bayan ƙofarta, sai ga manyan bokitai uku a jere, ba kalarsu ɗaya ba. Na ce na wane ne?

"Wannan na matar Ɗanjuma ne, kwananta sha biyu da haihuwa. Wancan na amaryar gidan liman. Na ƙarshen ita ta kusa arba'in. Ka san wankan jego, safe da yamma, kuma sai ruwa ya tafasa. Ga itace ya yi tsada. Sai na ce su riƙa aikowa."

"Inna, tun yaushe?"

"Tun farko mana. Unguwar nan ana rabuwa da haihuwa ne? Wutar rana ce, ɗan nan, ba ta da mita. Allah ya ba mu kyauta, mu kuma mu hana maƙwabta?"

Na ajiye kofin. Bokiti uku bayan sallar asuba, kafin rana ta taɓa faranti, lokacin da rumbu yake ƙasa. Bokiti uku kuma da magariba, bayan rana ta tafi. Duk matan unguwar da suka haihu tun da na sa wutar nan, da sunana suka yi wanka. Na so in yi fushi, na rasa da wa zan yi.

Ta ce, "Kuma duk abin da aka ce in kashe na kashe. Firiza, talabijin, har fanka. Wannan kuwa ai ko ludayi ba ta kai ba."

Bayan sallar Juma'a Alhaji ya iso, ya ga babur ɗina a ƙofa, ya shigo fuska a murtuke.

"Me ya kawo ka gidan nan?"

Na ce, "Alhaji, minti biyar nake roƙo. In na ɓata maka su, ka ƙara min wani sunan."

Na kai shi gaban inbata, na sa mita ta ciji wayar da ke shiga gida, na riƙe ta daidai idonsa. Na ce a kunna firiza. Lambar ba ta kai ɗaya ba. Na ce a ƙara fanka uku da talabijin da duk ƙwayayen gidan. Ta lallaɓa ta tsaya wajen biyu, inbata shiru kamar ba ta nan. Na ce a kashe su duka. Sannan na ɗebo ruwa a bokitin matar Ɗanjuma, na tsoma hita na sa a soket. Lamba ta yi tsalle ta haura shida, inbata ta ɓarke da kukan nan da duk unguwa ta sani. Ɗan hakin da aka raina ke nan.

Alhaji ya dubi mita, ya dubi bokiti. Ya ɗaga murya.

"Wane ne ya shigo da wannan shegiyar aba gidan nan?"

Inna tana zaune a kujerarta 'yar tsuguno, ko motsi ba ta yi ba.

"Wanda ya saye ta. A baƙar leda ka kawo min ita, tare da dabino."

Inbata tana ta kukanta. Na zare hitar. Na ce, "Alhaji, kwalin da na rubuta maka fa?"

"Wane kwali?"

Ina jin tun makon farko mai wanki ya gama da shi. Na buɗe baki zan fara zuba abin da na tara na shekara guda, sai Inna ta riga ni, kuma ba ɗanta kaɗai ta nufa ba.

"Ku biyu kuka zauna a zaure kuna shan furata, kuka yanke abin da za a kunna da abin da ba za a kunna ba. A cikinku wa ya taɓa dafa ruwa?"

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na yi wa wanda ya biya bayani, na bar wadda za ta kunna, don kawai ba a saba mai aiki ya tsaya magana da matan gida ba. Da na yi mata bayanin minti biyu, da ita ce za ta fi kowa kiyayewa, tsohuwar da ta yi bazara guda da mafici don an ce ta kashe fanka. Tun daga ranar ba na barin gida sai an kira min wadda take girki da wadda take guga, ko ta bayan labule ne, in ce su fito min da duk abin da yake yin zafi in gani da idona. Maigidan da ya ce shi zai isar da saƙo, sai in ce masa ya nemi mai hular kwano.

Inna ta yanke hukuncinta a take. Ta ce tunda rana ba za ta iya ba, Mamuda zai iya, duk mako motarsa ta sauke mata itace muddin akwai mai jego a unguwar. Ta miƙo min hitar ta ce in tafi da ita kada shaiɗan ya raya mata. Alhaji ya raka ni zaure, murya ƙasa-ƙasa, ya ce in zo tasha ranar Litinin zai gyara maganar a gaban mutane.

Na je da wankakkiyar riga. Ya tara direbobi da 'yan kamasho, ya gyara zama a benci, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, maganar da ke tsakanina da Isa ta wuce. Ɗan'adam ajizi ne, kowa yana kuskure. Ni dai na yafe masa."

Tasha ta ɗauka. "Allah ya saka da alheri, Alhaji." "Wannan shi ne halin girma." Wani direba har ya dafa kafaɗata ya ce in gode wa Allah da na haɗu da mai haƙuri. Hitar tana cikin jakata a lokacin, hannuna yana kanta. Na tuna geron da ya rage min a rumbu, na tuna bakunan da ke jiransa. Na zare hannuna na ce, "Na gode, Alhaji."

A makon nan kwamitin masallacin Sara suka kira ni, suka ce tunda Alhaji ya yafe min in zo in fara aiki, amma za su sa mutum ya tsaya a kaina lokacin fasa kwali. Mai kemis ma ya tuna lambata. Aiki ya dawo har ya fi na da. Sunan ne bai dawo ba. Inna ta rasu shekaru biyu bayan haka, ita kaɗai ce take faɗin gaskiyar maganar, ita ma a tsakar gida take faɗa, inda ba mota mai ɗauka. Yau jikata a makarantar Islamiyya jikar Mai Fenti ake ce mata, kuma tana amsawa.

Hitar ga ta can a jikin ƙusa, sama da kalanda. Wanda yake son karatun wata biyu a cikinku ya tashi ya sauko da ita, ya juya ta ya karanta min gindinta.